Jami'ar Coci da Haƙƙin Maƙwabci a Gaɓar Misisipi

Daga birnin Baton Rouge zuwa New Orleans, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, kogin Misisipi yana ratsa tazarar mil 85, kusan kilomita 137 ke nan. A gaɓoɓinsa biyu akwai matatun mai da masana'antun sinadarai da na roba sama da 150. Mazauna yankin sun daɗe da raɗa masa suna Lungun Ciwon Daji. A watan Maris na 2021 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan'adam suka fito fili suka ce abin da ke faruwa a wurin wariyar launin fata ce da ta biyo ta hanyar muhalli.

Wanda bai san tarihin ƙasar ba zai ɗauka tsautsayi ne ya haɗa baƙaƙen fata da bututun hayaƙi a wuri ɗaya. Ba tsautsayi ba ne. Filayen da masana'antun ke kai a yau gandayen rake ne da bayi suka noma. Da aka haramta bauta a 1865, 'yantattun bayin suka tara ɗan abin da suka samu, suka sayi 'yan filaye a gefen gandayen da suka yi wa bauta, suka gina gidaje da coci-coci, suka binne matattunsu a nan. Da ƙarni na 20 ya kama, kamfanoni suka zo neman fili mai faɗi, a bakin ruwa mai zurfin da jirgin dakon kaya zai iya tsayawa, wanda kuma mai shi mutum ɗaya ne, ba sai an yi ciniki da gidaje ɗari ba. Tsofaffin gandayen sun cika waɗannan sharuɗɗa duka. Masu gandun suka karɓi kuɗinsu suka tashi, jikokin bayin suka wayi gari katangar masana'anta ce a bayan ɗakinsu.

Kudancin Luwiziyana yanki ne na mabiya ɗarikar Katolika tun zamanin da Faransa da Sifaniya suka mulke shi, har gundumominsa da yawa sunayen waliyyan coci suke ɗauke da su, irin su St. James da St. John. Saboda haka idan ana maganar abin da jami'o'in Katolika na Amurka ke yi game da adalci a sha'anin muhalli, nan ne wurin da ya fi dacewa a auna su. Waɗanda ke shaƙar gubar da yawansu 'yan cocin ne, da su ake ibada ranar Lahadi.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Sharon Lavigne, malamar da ta shafe kusan shekara arba'in tana koyar da yara masu buƙata ta musamman a gundumar St. James. A 2018 aka sanar cewa kamfanin Formosa na ƙasar Taiwan zai gina katafariyar masana'antar roba ta dala biliyan 9.4 a kan fili mai eka 2,400, ba nisa da gidanta. Ta tara maƙwabta a falonta, suka kafa ƙungiyar RISE St. James, ta ajiye aikin koyarwa ta rungumi wannan. A 2019 matsin da suka yi tare da wasu ƙungiyoyi ya taimaka wajen sa kamfanin Wanhua na ƙasar Sin ya fasa gina tasa masana'antar ta dala biliyan 1.25. Game da Formosa kuwa, sun bankaɗo cewa akwai maƙabartar bayi a cikin filin. Hukumar injiniyoyin soja, wadda ke ba da izinin gini a bakin ruwa, ta dakatar da izininta a 2020, sannan a 2021 ta ce sai an yi cikakken binciken illar aikin ga muhalli. A 2022 wata alƙaliya ta soke takardun izinin fitar da hayaƙi, a Janairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su. Haka ake ta ja.

A watan Mayu na 2022 Jami'ar Notre Dame, wadda ta fi kowace jami'ar Katolika suna da dukiya a Amurka, ta ba Lavigne lambar Laetare. Tun 1883 ake ba da wannan lamba, kuma shugaba John Kennedy yana cikin waɗanda suka taɓa karɓarta. Ban raina wannan karramawa ba ko kaɗan. A jihar da masu masana'antu ke da bakin magana a majalisa da fadar gwamna, tsohuwar malamar makaranta da ke tsaye gabansu tana buƙatar duk wata inuwa da za ta samu, kuma da wuya a kira wadda babbar jami'ar cocinta ta rataya wa lamba 'yar tayar da zaune tsaye. Sai dai lamba ba ta cin wa jami'a komai. Notre Dame tana can arewa a jihar Indiyana, hayaƙin St. James ba ya isa harabarta, kuma babu wani attajiri da zai janye gudummawarsa don an yi biki na yini ɗaya. A ganina ma'aunin gaskiya shi ne haƙƙin maƙwabtaka, abin da Musulmi da Kirista duka suka san nauyinsa. Me jami'a ta yi da iliminta da ɗakunan gwajinta da sunanta domin mutanen da ke bayan katangarta, kuma me ta yarda ta rasa a kan hakan?

Amsar da ta fi gamsar da ni ba daga manyan jami'o'in ta fito ba. Ta fito ne daga wata ƙaramar jami'a a New Orleans mai suna Xavier. Katharine Drexel ce ta kafa ta, 'yar wani hamshaƙin mai banki a Filadelfiya, wadda ta zaɓi rayuwar zuhudu ta kashe gādonta wajen gina makarantu ga baƙaƙen fata da 'yan asalin Amurka. Ta buɗe makarantar sakandare a 1915, ta zama kwaleji a 1925, aka ƙara tsangayar harhaɗa magunguna a 1927, a lokacin da dokar jihar ta hana baƙi da fari zama a aji ɗaya. Har yau ita kaɗai ce jami'ar Katolika da aka kafa domin baƙaƙen fata a Amurka, kuma ta daɗe tana sahun gaba wajen tura ɗalibai baƙaƙe makarantun koyon likitanci.

Xavier ba ta buƙatar tafiya nesa kafin ta ga matsalar. Unguwar Gert Town da take ciki ta zauna shekaru da dama da kamfanin Thompson-Hayward, wanda ke haɗa magungunan ƙwari da na kashe ciyawa a tsakiyar gidajen mutane. Mazauna unguwar sun kai ƙara, aka sasanta a 1996 a kan sama da dala miliyan 50. A wannan unguwa dai aka gano sinadarin radiyam binne a ƙarƙashin wani titi a 2013, lokacin da ake binciken tsaro gabanin wani babban wasan ƙwallo, amma aka ɗauki shekaru kafin a tono shi, kuma mazauna titin sun ce ba a gaya musu ba sai da suka ga ma'aikata sun zo da kayan kariya. Ɗalibin da ke karatu a Xavier a cikin wannan unguwa yake sayen abinci, a cikinta yake jiran mota.

Mutum biyu ne suka ɗauki wannan nauyi a jami'ar, kowanne ta hanyarsa. Na farko shi ne Howard Mielke, masanin guba da ya koma tsangayar harhaɗa magunguna a ƙarshen shekarun 1980. Aikin da ya sa a gaba ba shi da ƙyalli. Shi da abokan aikinsa sun bi New Orleans unguwa-unguwa suna kankaro ƙasar sama-sama, wadda yaro ke wasa a kai, daga bakin titi da gindin bango da filayen wasa. Sun tara samfura sama da dubu biyar, suka auna dalmar da ke ciki, suka zana taswirar birnin. Taswirar ta nuna dalma ta taru ne a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari, inda motoci suka shekara da shekaru suna ƙona fetur mai dalma, inda kuma tsohon fentin gidaje ke ɓarewa yana zama ƙura. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje a 1978, ta hana fetur mai dalma a motoci a 1996, amma dalma ba ta ruɓewa. Tana nan kwance a ƙasa tana jiran hannun yaro. Da suka ɗora taswirarsu a kan sakamakon gwajin jinin yara na hukumar lafiya ta jihar, sai abin ya zo daidai, inda ƙasa ta fi dalma nan jinin yara ya fi ɗaukarta. Mafi yawan waɗannan unguwanni na talakawa ne baƙaƙen fata.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a buga sakamako ba. Kogin Misisipi yana zubar da laka mai tsabta a wata mashigar ambaliya da ake kira Bonnet Carré, sama da birnin. Mielke ya nemi tallafi aka riƙa ɗebo wannan ƙasa a manyan motoci, ana shimfiɗa ta da kaurin kusan santimita 15 a tsakar gidajen da suka gurɓata, daga baya kuma a filayen wasan gidajen renon yara. Magani ne mai araha, wanda uwa za ta gani da idonta ta fahimci dalilinsa.

Mai karatu a Zamfara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dalilin shi ne dutsen zinariya mai dalma da ake dakawa a cikin gida, ƙurarsa tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Maganin da ya yi aiki a Dareta da Yargalma, da Bagega a 2013, kusan irin wancan ne, a kankare gurɓatacciyar ƙasa a zuba mai tsabta, domin ba amfanin wanke jinin yaro a asibiti idan za a mayar da shi tsakar gidan da ya ɗauko cutar. Bambancin shi ne a Zamfara sai da aka fara haƙa kaburbura kafin a auna ƙasa, kuma waɗanda suka jagoranci awon daga ƙetare suka zo. A Kano ma malaman jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan ruwan da kamfanonin sarrafa fata na Challawa da Sharada da Bompai ke saki, da kuromiyam ɗin da ke cikinsa, da lambunan da ake shayarwa da shi. Binciken yana da kyau, amma da Turanci yake, a mujallun da mai lambu ba zai taɓa gani ba. Da wuya ka ji an koma wurin mai unguwa da taswira a hannu an ce ga rijiyar da za a daina sha. Muna kuma da jami'o'in da aka kafa da sunan addini, irin su Veritas ta limaman Katolika a Bwari da Al-Qalam a Katsina, waɗanda wannan tambaya ta hau kansu kamar yadda ta hau kan Xavier.

Ta biyu cikin mutum biyun na Xavier ita ce Beverly Wright, masaniyar zamantakewa haifaffiyar New Orleans, wadda ta kafa cibiyar Deep South a Xavier a 1992 domin adalci a sha'anin muhalli. Lokacin fafutukar tana tashe. A 1982 an kama ɗaruruwan mutane a gundumar Warren ta jihar Karolina ta Arewa saboda sun tare motocin da ke kawo gurɓatacciyar ƙasa unguwarsu. A 1987 wani rahoton coci ya nuna cewa launin fatar mazauna wuri ya fi kuɗin shigarsu nuna inda za a sami juji mai guba. A 1991 aka yi babban taron jagororin fafutukar a Washinton. Abin da Wright ta ƙara shi ne tsarin aiki. Ta ƙi yarda da al'adar da malami zai shiga ƙauye da takardar tambayoyi, ya kwashi bayanai, ya sami ƙarin girma, ba a sake ganinsa ba. A cibiyarta mutanen garuruwan bakin kogi suna zaune a kwamitin da ke ba da shawarar abin da za a bincika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta san daren da warin ke tashi, da gefen da iska ke kawo shi, da gidajen da aka yi jana'iza a jere, tana riƙe da rabin binciken tun kafin masani ya buɗe jakarsa.

Ɗaya rabin shi ne abin da jami'a ke iya bayarwa. Bayan bala'in Bhopal na Indiya a 1984, Amurka ta yi doka a 1986 da ta tilasta wa masana'antu bayyana irin gubar da suke saki da yawanta. Bayanan suna nan a fili, amma cikin sunayen sinadarai da alƙaluman da ba kowa ke gane su ba. Cibiyar ta koya wa mazauna yankin karanta su, ta zana taswirorin da ke nuna kusancin masana'antu da unguwannin baƙaƙen fata, ta shirya mutane yadda za su tsaya a zaman sauraron ra'ayin jama'a su yi magana da hujja. Tun tsakiyar shekarun 1990 kuma ta riƙa horar da matasa marasa aiki sana'ar kwashe shara mai guba cikin kariya, da takardar shaidar da ake ɗaukar aiki da ita. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a wurina, domin mai fafutukar da bai tanadi amsar tambayar abinci ba zai rasa mutanensa a ranar da kamfani ya kafa allon ɗaukar ma'aikata.

Sai guguwar Katrina ta zo a ranar 29 ga Agustan 2005. Jingar da ke kare birnin ta fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na New Orleans ya nutse, har da harabar Xavier. Shugabanta Norman Francis, wanda ya riƙe jami'ar daga 1968 zuwa 2015, ya rasa gidansa shi ma, amma ya yi alkawarin buɗewa cikin wata biyar, kuma a Janairun 2006 ɗalibai suka dawo. Cikin waɗanda suka kawo ɗauki har da ƙasar Katar, wadda ta ba jami'ar dala miliyan 17.5, aka biya wa ɗalibai kuɗin karatu, aka gina sabon ginin tsangayar magunguna da ke ɗauke da sunan ƙasar tun 2010. Ƙasar Musulmi ta tallafi makarantar da 'yan zuhudun Katolika suka gina wa jikokin bayi. Ina so masu wa'azinmu na ɓangarorin biyu su san wannan labari.

Sai dai a wannan tsakani ne ayyukan biyu suka bar Xavier. Cibiyar Wright ta koma Jami'ar Dillard a 2005, daga baya ta tsaya da ƙafarta, Mielke kuma ya koma Tulane. Aikin bai mutu ba. A 2006 cibiyar ta haɗa kai da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe suka kankare ƙasar da ambaliya ta gurɓata a wani layi na gabashin birnin don masu gidajen su iya dawowa. Amma abin ya nuna rauni. Aikin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya mai himma da tallafin shekara uku daga gwamnati, ranar da mutumin ya tashi ko tallafin ya ƙare, shi ke nan. Abin da jami'a ta ɗauka da gaske a kasafin kuɗinta ake ganinsa, da kujerar farfesa ta dindindin da ɗakin gwaji mai ma'aikata.

A nan ne wasiƙar Fafaroma Francis ta 2015, Laudato Si', ta shigo. Jigon hujjarsa shi ne lalata muhalli da danne talaka ba matsaloli biyu ba ne, matsala ɗaya ce, kuma ƙasashe masu arziki suna da bashin muhalli a wuyansu ga matalauta. Har ya kafa hujja da wani malamin Sufaye, Aliyu al-Khawwas, a cikin bayanan ƙasan shafi, kuma a watan Agustan shekarar malaman Musulunci suka fitar da tasu sanarwar kan sauyin yanayi a Istanbul. Jami'o'in Katolika sun amsa kiran, kowace gwargwadon abin da ya sauƙaƙa mata. Notre Dame ta daina ƙona kwal a tashar wutarta a 2019, ta gina ƙaramar tashar lantarki ta ruwa a kogin da ke ratsa garin da take. Loyola ta Chicago tana mayar da tsohon man suya ya zama man mota. Dayton ta riga kowa, tun 2014 ta sanar da janye jarinta daga kamfanonin kwal da mai, Seattle ta bi a 2018, Georgetown a 2020. Duk ayyukan kirki ne. Amma mafi yawansu gyaran cikin gida ne, kuma rabin saƙon Fafaroman kawai suka ɗauka. Haraba tana iya zama kore shar alhali asusun jami'ar yana cin riba daga kamfanin da ke turnuƙe wata unguwa da hayaƙi. A lokacin da Notre Dame ta karrama Lavigne ba ta bi sahun masu janye jari ba. Hanyar da ta zaɓa ita ce tattaunawa, har ta taimaka wajen shirya zaman shugabannin manyan kamfanonin mai da Fafaroma a Batikan a 2018. Ana iya kare wannan zaɓi, amma wanda ya ce zai gyara daga ciki wajibi ne ya nuna abin da zamansa a ciki ya canja wa mutanen St. James.

Georgetown kuwa bashinta a wannan yanki ba na misali ba ne. A 1838 limaman Jesuit na jihar Maryland suka sayar da bayi 272, maza da mata da yara, a kan dala 115,000, aka yi amfani da wani kaso wajen biyan bashin kwalejin Georgetown. Luwiziyana aka kai su, gandayen gundumomin Iberville da Ascension, waɗanda yau suke cikin yankin masana'antun nan. Zuriyarsu da yawa suna garin Maringouin har yanzu, kuma da yawansu ba su bar cocin da ya sayar da kakanninsu ba. Jami'ar ta nemi gafara a 2017, ɗalibanta suka kaɗa ƙuri'a a 2019 cewa a ƙara musu dala 27.20 a kuɗin kowane zango domin zuriyar, 'yan Jesuit kuma suka yi alkawarin tara dala miliyan 100 a 2021. Idan jami'a tana neman inda za ta fara aikin adalcin muhalli, da wuya ta sami wurin da ya fi wannan cancanta.

Akwai masu cewa masana'antun nan su ne abincin jihar, kuma ba aikin jami'a ba ne ta shiga rigima. Magana ta farko tana da ƙamshin gaskiya, Formosa ma ayyuka 1,200 ta yi alkawari. Amma Luwiziyana tana yafe wa sababbin masana'antu mafi yawan harajin kadara har tsawon shekara goma, kuɗin da makarantu da asibitocin gunduma za su ci, kuma mazauna bakin katanga sun daɗe suna kukan cewa ayyuka masu tsoka ba su ake ba. Magana ta biyu kuwa ban karɓe ta ba. Auna iska da ƙasa da jini shi ne ainihin aikin jami'a. Abin da ake kira rigima yana farawa ne a lokacin da sakamakon ya ɓata wa mai ƙarfi rai.

Kuma yana ɓatawa. Jami'ar Tulane, wadda ba ta coci ba ce, ta ɗanɗana. A 1996 kamfanin Shintech ya so gina masana'antar roba a garin Convent na St. James, sashen ɗaliban lauya na jami'ar ya tsaya wa mazauna garin kyauta, kamfanin ya janye a 1998. Gwamna Mike Foster ya fito yana zuga 'yan kasuwa su daina ba jami'ar gudummawa, kotun ƙolin jihar kuma ta tsaurara ƙa'idar waɗanda ɗaliban lauya za su iya wakilta. A 2022 wata mai bincike a wannan sashe, Kimberly Terrell, ta wallafa nazarin da ya danganta gurɓatar iska da ƙarin masu ciwon daji kimanin 85 a kowace shekara a jihar. A watan Yunin 2025 ta ajiye aiki, tana zargin shugabannin jami'ar da ɗaure mata baki bayan wani bincikenta kan yadda ake raba ayyuka a masana'antun. Wannan shi ne farashin, kuma a nan ne nake ganin jami'ar addini ya kamata ta bambanta. Wadda ta ce ta dogara ga abin da ya fi kasuwa da gwamna ta rasa uzurin yin shiru idan mai ba da gudummawa ya ɗaure fuska.

Buƙatar ta ƙaru a 'yan shekarun nan. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta soke umarnin da shugaba Clinton ya sa wa hannu a 1994, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya duba yadda ayyukansu ke shafar muhallin talakawa da tsiraru. An rufe ofishin da ke kula da wannan a hukumar kare muhalli, an sauke taswirar intanet da jama'a ke duba gurɓatar unguwarsu da ita. A watan Maris aka janye ƙarar da gwamnati ta shigar kan kamfanin Denka na gundumar St. John, wanda ya riƙa sakin sinadarin kuloropirin dab da wata makarantar firamare, ko da yake kamfanin da kansa ya dakatar da aiki a watan Mayu saboda asara. Tun kafin wannan, a 2024, majalisar Luwiziyana ta yi dokar da ta ce ƙungiyar unguwa ba za ta zargi masana'anta da karya ƙa'ida bisa awon iskar da ta yi ba, sai idan da na'urorin da hukuma ta amince da su aka yi, da tarar da ta kai dala 32,500 a kowace rana ga wanda ya saɓa. 'Yar na'urar da mutane ke ratayawa a barandarsu 'yan ɗaruruwan daloli ce, wadda dokar ke nema kuwa ta fi ƙarfin kowace ƙungiyar unguwa. RISE St. James da wasu ƙungiyoyi sun kai ƙara a Mayun 2025.

Dokar ta toshe bakin talaka da tsadar kayan aiki, kuma kayan aikin nan jami'o'i suna da su ko suna iya sayensu. Asusun Notre Dame ya haura dala biliyan 15, na Xavier bai kai rabin biliyan ɗaya ba. Ɗaya tana da kuɗi, ɗaya tana da masana magunguna da amanar unguwanni, Loyola ta New Orleans kuma, ta 'yan Jesuit, tana da tsangayar shari'a a cikin garin. Abin da nake so in gani shi ne su haɗu su kafa tashoshin awon iska irin waɗanda dokar ta yarda da su a St. James da St. John da Iberville, mazauna wurin su zaɓi inda za a girke su, a horar da 'ya'yansu su riƙa kula da su da albashi, a riƙa karanta sakamakon a zauren coci bayan ibada cikin harshen da kowa zai gane. A kuma rubuta tun farko, da sa hannun shugabannin jami'o'in, cewa duk malamin da ya fitar da abin da na'urar ta nuna ba za a taɓa aikinsa ba, ko wane kamfani sakamakon ya ambata.